Labarin Ƙofofin Cibiyar Ƙwayar Halitta

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu malamai, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku ga wani darasi na ilmin halittu. Abin da za mu yi magana a kansa ƙanƙantarsa ta fi ƙarfin ido, amma amfanin saninsa ya kai har gadon asibiti. Tambayar ita ce: yaya ƙwayar halitta ta ke sanin furotin da za ta shigar cikin cibiyarta, da wanda za ta fitar, da kuma lokacin da ya kamata ta yi haka? Kafin mu kai ga amsa sai mun share fage tukuna.

Ƙwaya da cibiyarta

Jikin mutum, da na dabba, da na itace, duk an gina su ne da waɗansu 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira ƙwayoyin halitta. Wani Baturen Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu a 1665, bayan ya yanki ɓawon wani itace ya duba shi a madubin ƙara girma. A 1831 kuma Robert Brown, wani masanin tsirrai, ya lura da wani ɗan dunƙule a cikin ƙwayoyin tsiron da ya ke dubawa, ya sa masa suna nukiliyas. Mu a nan za mu riƙa ce masa cibiya.

A cikin cibiyar nan a ke ajiye DNA, wato dogon zaren nan mai ɗauke da rubutun gado, wanda ya tsara yadda za a ƙera kowane abu na jiki. Da za a warware na ƙwaya guda ta mutum a miƙe shi, da tsawonsa ya kai wajen mita 2, ga shi kuwa an naɗe shi a wurin da faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. An kewaye shi da tantani biyu, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda a ke kewaye fada da katanga.

Ma'aikatan ƙwaya kuwa su ne furotin. Kowane furotin kamar abin wuya ya ke, an jera duwatsunsa a zare, sa'an nan ya nannaɗe ya ɗauki siffarsa. Duwatsun nan iri 20 ne, sunansu amino asid. Maƙerar da a ke ƙera furotin, wadda a ke kira ribosom, tana wajen cibiya, a cikin ruwan da ya cika sauran ƙwayar. Wannan wuri za mu ce masa cikin gari.

To, ka ga inda gizo ke saƙa. Littafi yana fada, maƙera tana cikin gari. Lalle ne a kwafi umarni a fitar da shi zuwa maƙera, kwafin nan shi ne RNA. Lalle ne kuma masu kwafa, da masu naɗe zaren, da masu gyara shi in ya tsinke, waɗanda dukansu furotin ne, a shigo da su fada bayan an ƙera su. Ita kanta maƙerar haka a ke yi mata: a ƙera sassanta wajen 80 a gari, a shigo da su cibiya a harhaɗa su da RNA, sa'an nan a mai da ita waje rabi rabi.

Siffar ƙofa

A 1950 waɗansu masana biyu, Callan da Tomlin, suka ɗauki cibiyar ƙwan kwaɗo, suka shimfiɗa tantaninta, suka duba da madubin lantarki, sai suka ga duk ta huje kamar rariya. A 1967 Joseph Gall ya nuna hudojin nan kusurwa takwas gare su. Daga baya aka gane kowace huda gini ne sosai, an tayar da shi da furotin iri wajen 30, kowane iri takwas takwas ko ninkin takwas, har jimlarsu a ƙofa guda ta mutum ta kusa 1,000. Faɗin ginin daga gefe zuwa gefe wajen nanomita 120 ne. Nanomita kuwa, in ka raba milimita kashi miliyan ka ɗauki ɗaya, shi ke nan. Cibiyar ƙwayar mutum tana da ƙofofi 'yan dubbai, ta yisti ɗari ko ɗari biyu, ta ƙwan kwaɗo kuwa miliyoyi. An auna an ga ƙofa guda tana iya wuce da kaya wajen 1,000 cikin daƙiƙa ɗaya, waɗansu na shiga, waɗansu na fita.

Ga abin mamaki: ƙofar nan ba ta da ƙyaure. Tsakiyarta cike ta ke da waɗansu siraran zaruruwa na furotin, marasa tsayayyar siffa, suna ta lilo. A jikinsu akwai amino asid biyu, fenilalanin da gilaisin, da ke maimaituwa bi da bi, su ne ke sa zaruruwan su riƙa manne wa juna har su zama sarƙaƙiya. Ruwa, da gishiri, da ƙananan furotin waɗanda kaurinsu bai wuce nanomita 5 ba, su kan sulale ta cikinta ba wahala. Iyakar girman abu, iyakar wahalarsa, har a kai ga wanda zai daɗe yana bugun sarƙaƙiyar bai wuce ba. Amma duk da haka a 2002 Panté da Kann sun nuna abu mai kaurin nanomita 39 yana wucewa sarai, in dai yana da shaida. To, mece ce shaidar?

Shaidar shiga

A cikin cibiyar ƙwan wani irin kwaɗo na Afirka akwai wani furotin mai yawa, sunansa nukiliyofilasmin, yana da gangar jiki da wutsiya. In aka zuba shi cikin gari da allura, nan da nan ya kan taru a cibiya. A 1982, a Kambirij ta Ingila, Colin Dingwall da Ronald Laskey da abokin aikinsu suka yanke masa wutsiya. Da suka zuba gangar jikin kaɗai, sai ta tsaya a gari. Da suka zuba wutsiyar kaɗai, sai ta shige. Da suka ɗura gangar jikin kai tsaye cikin cibiya kuma, sai ta zauna can ba ta fito ba. Ashe izinin shiga a wutsiya ya ke. A 1984 Carl Feldherr a Amurka ya shafa wannan furotin a jikin ƙurar zinariya, wadda a ke iya gani a madubin lantarki, ya gan ta jere a tsakiyar ƙofofi tana shiga. Wannan ya tabbatar da hanyar.

A shekarar nan ta 1984 dai, a Landan, Daniel Kalderon da Alan Smith da abokansu suka karanta shaidar kanta, a jikin furotin na wani bairas mai suna SV40. Amino asid 7 ne kurum a jere, huɗu daga cikinsu laisin, ɗaya ajinin. Da aka musanya laisin guda da wani amino asid, sai furotin ɗin duka, mai duwatsu sama da 700, ya kasa shiga. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da suka ɗinka bakwai ɗin nan a jikin wani furotin wanda gidansa cikin gari ne, sai ga shi a cibiya. Wannan ya dace da abin da Günter Blobel ya daɗe yana koyarwa, cewa furotin yana ɗauke da adireshinsa a jikinsa, a kan haka ne kuwa aka ba shi kyautar Nobel a 1999.

A lura da wani abu: ba a yanke shaidar nan bayan an shiga. Dalili kuwa, sa'ad da ƙwayar dabba za ta rabu biyu, katangar cibiya ta kan rushe, kowa ya watsu cikin gari. In an sake ginin, dole kowane ma'aikaci ya sake nuna shaidarsa kafin ya koma.

Ɗan rakiya

Shaida ba ta amfani sai da mai karanta ta. A 1994 Dirk Görlich da abokansa suka ware furotin da ke wannan aiki, aka sa masa suna imfotin, wato mai shigarwa. Ga irin shaidar da muka ambata, su biyu ne ke haɗuwa. Imfotin alfa shi ke kama shaidar, imfotin beta kuwa ya kama alfa. A bayan beta akwai waɗansu 'yan gurabu da ke kama fenilalanin na zaruruwan ƙofa su saki nan take, ya kama wannan ya saki, ya kama wancan ya saki, har sarƙaƙiyar ta buɗe masa ta rufe a bayansa. Duk tafiyar ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ba.

Amma fa ɗan rakiyan nan bai san gabas ba, bai san yamma ba. Yadda ya ke shiga da kaya, haka zai iya juyowa da su. Ƙofar ma ba ta tura kowa. To, me ya sa kaya ke taruwa a ciki?

Ran mai uku da Ran mai biyu

A 1993 Mary Moore da Blobel, da kuma Frauke Melchior da Larry Gerace, kowane ɓangare da aikinsa, suka gano shigar kaya ba ta yiwuwa sai da wani ƙaramin furotin da a ke kira Ran. Sunansa ke nan a wurin masana, kada a ɗauka kalmarmu ce ta Hausa. Shi Ran kullum yana riƙe da ɗayan abu biyu: ko GTP mai fosfet uku, ko GDP mai fosfet biyu, siffarsa kuma tana sakewa bisa ga wanda ya riƙe. Bari mu ce musu Ran mai uku da Ran mai biyu.

A cikin cibiya, manne da zaren gado, akwai wani furotin, RCC1, wanda ke karɓe mai biyu daga hannun Ran don ya ɗauki mai uku. A bakin ƙofa ta wajen gari kuma akwai wani, RanGAP, wanda ke sa Ran ya ɓalle fosfet guda. Saboda haka cibiya cike ta ke da Ran mai uku, a gari kuwa da ƙyar a same shi. Da wannan bambanci ne ɗan rakiya ke gane inda ya ke.

Ga yadda abin ke gudana. A gari imfotin ya ɗauki kaya ya ratsa ƙofa. Da isarsa ciki sai Ran mai uku ya kama shi ya murɗe siffarsa, kayan su faɗi. Kayan ba su da mai fitar da su, sai su zauna. Imfotin ya fito riƙe da Ran, a bakin ƙofa a ɓalle fosfet, Ran ya sake shi, ya koma neman wani kayan. Shi kuma Ran mai biyu, wani ɗan rakiya na musamman, NTF2, ya mai da shi ciki a sake cika shi. Fosfet ɗin da a ke ɓallewa a kowane zagaye, shi ne kuɗin da ƙwaya ke biya.

Shaidar fita

Fita ma da tata shaidar. An gano ta a 1995, a jikin furotin biyu, ɗayansu Rev na bairas ɗin ƙanjamau, wanda ke fitar da RNA na bairas daga cibiyar ƙwayar da ya kama. Ita wannan shaida amino asid mai suna lusin ya yi yawa a cikinta. A 1997 aka gane mai ɗaukarta, CRM1, wanda kuma a ke kira esfotin na ɗaya, wato mai fitarwa. Halinsa kishiyar na imfotin ne: ba ya riƙe kaya da ƙarfi sai Ran mai uku na tare da su. Don haka a cibiya ya ke ɗauka, su fito su uku, a bakin ƙofa a ɓalle fosfet, ƙungiyar ta watse, kaya su zauna a gari.

Ran guda, aiki biyu: ga mai shigarwa ya ce sauke, ga mai fitarwa ya ce ɗauka. A 1999 Maxence Nachury da Karsten Weis suka gwada wannan magana. Suka cika wajen cibiya da Ran mai uku, wato suka juya al'amarin, sai ga masu fitarwa suna kai kayansu ciki. Ƙofar ba ta sake ba ko kaɗan, amma hanya ta juya.

Yadda ƙwaya ke sarrafa shiga da fita

Yanzu mun iso zuciyar darasin. Tun da ƙofa a buɗe ta ke dare da rana, 'yan rakiya kuma ba su hutawa, in ƙwaya tana so ta tsare wani furotin a waje sai ta taɓa shaidarsa. Ga misalai uku.

Na farko, rufe shaida. A 1986 Ranjan Sen da David Baltimore suka gano wani furotin, NF-kB, wanda in ya shiga cibiya ya kan buɗe babobin yaƙi da cuta. Irin wannan bai kamata ya zauna a fada kullum ba, don kumburi da zazzaɓi marasa dalili ɓarna ne. A 1988 aka gano mai tsaronsa, I-kB, wanda ke rungume shi ya rufe masa shaida. In ƙwayar cuta ta taɓa ƙwaya, sai a liƙa wa mai tsaron fosfet, a kai shi a niƙe, shaida ta bayyana, cikin 'yan mintoci NF-kB ya cika cibiya. Daga cikin babobin da ya ke buɗewa kuwa har da na mai tsaronsa. Sabon I-kB ya shigo, ya kama shi, ya fitar da shi, ƙura ta lafa.

Na biyu, liƙa fosfet a jikin furotin ɗin kansa. A cikin fararen ƙwayoyin jini irin waɗanda a ke kira T akwai NFAT. Yana zaune a gari da fosfet da yawa a jikinsa, waɗanda suka lanƙwasa shi har shaidar shiga ta ɓuya. In ƙwayar ta gamu da baƙon abu, sai kalsiyam ya yawaita a cikinta, ya ta da wani furotin mai suna kalsinurin, shi kuma ya ciccire fosfet ɗin, NFAT ya shige. In kalsiyam ya ragu, sai a mai da masa fosfet a cibiya, a fitar da shi.

Na uku, ɗauri. Furotin da ke karɓar saƙon kotisol, wato sinadarin da jiki ke saki lokacin wahala, yana zaune a gari riƙe a hannun waɗansu furotin. Sai kotisol ya zo ya zauna a gurbinsa, sa'an nan ya sake siffa ya nufi cibiya. Ta wannan hanya magungunan kumburi irin su deksametason ke aiki.

A sani kuma, da yawa daga cikin furotin ɗin nan suna da shaida biyu, ta shiga da ta fita, suna ta kai da kawowa. Inda ka gan su sun taru, can ne ƙarfi ya rinjaya. Kamar randa ce mai yoyo a na zuba mata ruwa: in zubi ya fi yoyo ta cika, in yoyo ya fi ta ƙafe. Ƙwaya tana iya ƙara zubi, tana kuma iya toshe yoyon.

In abin ya ɓaci

Ruwa ba ya tsami banza, haka cuta. A 2005 Brunangelo Falini da abokansa a Italiya suka nuna wajen sulusin manya masu wata irin sankarar jini mai saurin kisa, furotin nasu mai suna NPM1 yana gari, alhali gidansa cibiya ne. Dalilin, galibi haruffa 4 ne suka ƙaru a rubutun gado, suka sake masa wutsiya, suka ba shi shaidar fita wadda da ba shi da ita a wurin. Likitoci suna neman wannan alama don su san irin ciwon.

A cikin ciwon daji iri iri kuma an tarar esfotin na ɗaya ya yi yawa, yana kwashe furotin masu hana ƙwaya haihuwar banza, irin su p53, yana zubarwa a gari inda ba su da aiki. Saboda haka aka haɗa magani mai suna selinekso, wanda ke toshe gurbin da esfotin ke kama shaida. Hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi a 2019 don sankarar ɓargo. Yana da wahalar sha, ga tashin zuciya ga raguwar jini, don lafiyayyun ƙwayoyi ma da wannan ɗan rakiya su ke aiki.

Bairas ma ya san hanyar. In cuta ta shigo, jiki ya kan aika da gargaɗi, wani furotin, STAT1, ya kai shi cibiya. A 2006 aka gano wani furotin na bairas ɗin Ebola, VP24, yana riga shi kama imfotin alfa, gargaɗin ya tsaya a waje. Wannan ɗaya ne daga cikin makaman cutar da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016.

Wani lokaci kuwa likita da kansa ke son a tsare ƙofa. Wanda aka dasa wa ƙodar wani, ƙwayoyinsa na T za su far mata. Maganin saikulosforin, wanda aka samo daga wata irin funfuna ta cikin ƙasa, aka kuma yarda da shi a Amurka a 1983, yana ɗaure kalsinurin. Ba a cire fosfet, NFAT bai shiga ba, ƙoda ta zauna lafiya. Amma mai shansa sai ya yi hattara, don garkuwar da aka kwantar ita ce ke tsare shi daga sauran cututtuka.

Ga mai koyarwa

Wanda zai kai darasin nan aji, yana iya zana da'ira a fili, ya bar ƙofa. Yara su zama kaya, kowa da 'yar takarda a hannu, waɗansu su zama 'yan rakiya, waɗansu Ran mai uku a cikin da'irar. Sa'an nan ya sa wani yaro ya rufe takardar ɗan'uwansa da hannu, a ga ko zai sami mai ɗaukarsa. Bayan wasan ya yi musu tambayoyin nan:

1. Me ya sa gangar jikin nukiliyofilasmin ta zauna a cibiya sa'ad da aka ɗura ta can?
2. Da RCC1 zai daina aiki, me zai sami kayan da ke shiga?
3. In furotin yana da shaida biyu, aka ba ƙwaya selinekso, ina zai taru?
4. Don me ba a yanke shaidar shiga?

Iyakar abin da ya samu ke nan. Wanda ya ga kuskure, ko ya sami misalin da ya fi nawa sauƙi ga yara, ya rubuto mu ƙaru.